Filin Adamasingba da Shooting Stars: Tarihin Maƙwabcinmu



Duk wanda ya tashi a Sabon Ibadan ya san ranar da Shooting Stars ke wasa a gida, ko da bai leƙa filin ba. Ihun 'yan kallo da kiɗan gangunan Adamasingba har cikin unguwarmu suke shigowa. Sai dai da yawa daga cikin yaranmu ba su san irin tarihin da ke bayan wannan katangar ba.

A da, wurin filin sukuwar dawaki ne. A 1988 aka buɗe shi a matsayin filin wasanni, kuma yana ɗauke da sunan Cif Lekan Salami, mutumin da ya yi wa ƙungiyar hidima tun tana tasowa, wanda ya rasu a wannan shekarar. Kafin nan, babban filin garin shi ne Liberty, wanda aka buɗe a 1960, inda Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a damben kambun duniya a 1963.

Ita kuwa ƙungiyar, iyayenmu sun fi saninta da IICC. A 1976 ta doke Tonnerre Yaoundé ta Kamaru, ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu. Kafin ita babu wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa cin kofin nahiya. Zamanin su Segun Odegbami da Muda Lawal ke nan. Bayansu Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya zo daga UNTL ya yi suna a nan, kuma a Ibadan ya zauna har rasuwarsa a 2012.

Ranar da Adamasingba ba za ta manta ba ta zo a 1992. An tashi babu ci a Kampala, sannan Shooting Stars ta lallasa Nakivubo Villa ta Yuganda da ci 3 da nema a gida, ta zama ta farko da ta ɗaga kofin CAF. Babban kofin zakarun Afirka ne ya gagare ta: sau biyu tana kai wasan ƙarshe, a 1984 da 1996, duka Zamalek ta Masar na hana ta.

Gasar Najeriya kuma sau biyar ta ci, na ƙarshe a 1998. Daga nan abubuwa suka yi ta ja baya. Filin ya lalace, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2017, ba ta dawo ba sai 2021, shekarar da gwamnatin Seyi Makinde ta sake buɗe filin bayan gyara.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, gini kaɗai ba ya riƙe ƙungiya. Sai da 'yan kallo, sai da kulawa. Yau matasanmu sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila a gidajen kallo, alhali ƙungiyar da ta fara fitar da ƙasar nan kunya tana wasa a bakin ƙofarsu. Ranar wasa ciniki ne ga masu tsire da masu shayinmu, kuma wuri ne da muke zama kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanmu Yarbawa. Mu sayi tikiti, mu riƙe hannun yaranmu mu shiga, mu kuma fito lafiya ba tare da rigima ba.

Allah ya bar zumunci.