Sanƙarau da Zaren da Yake Kama Mu da Shi

Mu a Assakio muna tuna 1996 da murna, domin a ranar 1 ga Oktobanta aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birni. Amma watanni kaɗan kafin nan Arewa makoki take yi. Sanƙarau ya kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ya kashe fiye da dubu 11, Kano na cikin wuraren da ya fi yi wa ɓarna.

Ƙwayar cutar ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Tun 1887 Anton Weichselbaum ya gano ta a Biyana. Abin da ya daɗe a duhu shi ne yadda take riƙe mutum. Ga majina, ga atishawa, ga gudun jini, duk ba sa ɓamɓare ta.

Ashe zaruruwa take fitarwa, sirara, waɗanda ido ba ya gani. Ba haka kawai suke tsirowa kamar gashi ba, saƙa su ake yi. A gindin kowane zare akwai ɗan inji na furotin mai suna PilF, zobe mai gaɓa shida, yana ƙona makamashi yana jera ƙananan gutsattsari ɗaya bayan ɗaya har zaren ya leƙo waje. Idan bakinsa ya maƙale a maƙogwaro, sai wani injin, PilT, ya shiga warware shi daga gindi yana janyewa, kamar mai jan guga a rijiya. Da haka ƙwayar take matsowa, ta manne, ta taru da 'yan'uwanta, a jijiyoyin jini kuma ta samu hanyar ƙwaƙwalwa. Sai a 2000 masana a Amurka suka auna ƙarfin wannan ja, a jikin 'yar'uwarta mai haddasa ciwon sanyi.

To me ya hana a yi rigakafi da zaren? Ƙwayar tana yawan sauya masa kama, jiki ya kasa gane shi. Shi ya sa aka nufi rigar sukarin da ta lulluɓe ta. Allurar MenAfriVac, wadda ta iso Najeriya a 2011, ta karya lagon nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996. Da nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, waccan allurar ba ta tare shi ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar.