Kasuwar Libiya: yadda Umdurman ya bazu zuwa yamma, da titunan da suka riƙe shi

Kasuwar Libiya, wadda mutanen Sudan ke kira Suk Libiya, tana yankin Umbadda a yammacin Umdurman. Kafin yaƙin 2023 tana cikin manyan kasuwannin sari na ƙasar, kuma ta samo sunanta daga kayan da fatake ke shigowa da su ta hamada daga Libiya tun shekarun 1970. Lokacin da ta fara ci, a bakin gari take. Daga baya unguwanni suka kewaye ta, suka wuce ta da nisa. Wannan sauyi yana nuna yadda babban birnin Sudan ya girma: titunan cikin unguwa a haɗe suke da juna, amma hanyoyin da ke haɗa sassan birnin kaɗan ne.

Birni uku, kogi biyu

Babban birnin ya ƙunshi garuruwa uku, wato Hartum da Umdurman da Bahri, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Sojojin Turkawa da Masar ne suka kafa Hartum a shekarun 1820. Da dakarun Mahadi suka ci garin a 1885, sai mulki ya koma Umdurman, inda aka gina gidajen ƙasa da lunguna masu lanƙwasa, irin na cikin ganuwar Kano ko Zariya. Bayan yaƙin Karari na 1898, Turawan Ingila ƙarƙashin Kitchener suka sake zana Hartum da miƙaƙƙun tituna masu gicciye juna.

Turawan sun kuma kasa filayen zama zuwa aji na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne da girman filotinsa da irin ginin da aka yarda a yi. Gwamnatocin bayan samun 'yancin kai a 1956 sun ci gaba da wannan tsari: a auna fili, a yanka filoti, a raba wa jama'a, ruwa da wuta da kwalta su biyo baya. Shi ya sa Umbadda da Sawra suke kashi-kashi, kowane kashi ana kiransa hara, kuma da lamba ake gane shi.

Abin da ya tura garin yamma

A ƙidayar 1955 zuwa 1956, garuruwan uku ba su wuce mutum kusan dubu 250 ba. A 1983 sun haura miliyan ɗaya, a ƙidayar 2008 kuwa jihar Hartum ta wuce miliyan 5. Farin 1984 da 1985 ya koro dubban mutane daga Kordofan da Darfur, suka sauka a Muwailih da sauran wuraren da ke bayan Umbadda. Yaƙin kudanci, wanda ya sake ɓarkewa a 1983, ya ƙara yawan masu zuwa.

A farkon shekarun 1990 hukumomi suka rushe unguwannin da aka gina ba izini, suka kwashe mazaunansu zuwa sababbin filaye a gefen hamada, irin su Darus Salam, da sansanonin Wad al-Bashir da Jabarona. Abin ya shafi Hausawa da Fulani, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. An tashe su daga tsohuwar unguwarsu ta Ishash Fallata a Hartum, aka mayar da su Inkaz da ke kudancin garin. Da yake akasarin gidaje ba bene ba ne, duk ƙarin jama'a sai ya zama ƙarin nisa.

Titi a haɗe, gada a ƙirge

Masana tsara birane kan auna haɗuwar tituna da yawan mararraba da kuma yawan hanyoyin da ba sa ɓullewa. Binciken da Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball suka wallafa a 2020 ya nuna cewa a sassan duniya da dama sababbin unguwanni suna ƙara zama masu toshewar hanya. Filayen awon gwamnati na Umdurman sun sha bamban, domin kusan kowane layi yana ɓullewa wani. Tsarin ya yi kama da na Maraɗi, wadda aka sake ginawa bisa tudu bayan ambaliyar 1945.

Matsalar tana wani wuri. Yawancin layukan ba su da kwalta, kuma da damina ruwa kan kwanta a kansu. Motocin haya sai su taru kan 'yan manyan hanyoyi, su kuma hanyoyin duka gada suka nufa. An gama gadar Farin Nilu a shekarun 1920, ta Shambat zuwa Bahri a shekarun 1960, sannan ta Fitehab da ta Halfaya suka biyo baya. Mutanen Yamai sun san irin wannan, tunda gadar Kennedy ita kaɗai ta riƙe birninsu daga 1970 har zuwa 2011.

Nisan tsakiyar Hartum ne ya ɗaukaka Kasuwar Libiya. Ta zama tasha da wurin neman abinci ga mutanen Umbadda da Darus Salam, kuma ƙofar kaya zuwa Kordofan da Darfur ta hanyar Bara. Kasuwar dabbobi ta Muwailih tana yamma da ita.

Abin da yaƙi ya nuna

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya tona raunin wannan tsari. Duk wanda ya riƙe gada ya riƙe zirga-zirgar miliyoyin mutane. An karya gadar Shambat a Nuwamban 2023, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi. Kasuwar Libiya ta daɗe a hannun RSF, aka wawashe shaguna, sai a ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka sanar da ƙwace ta.

Ga masu komawa gida, ciki har da 'yan kasuwa Hausawa, gyaran gadoji da kwalta tsakanin unguwannin bakin gari shi zai nuna ko kasuwar za ta sake ci kamar da. Garuruwa irin su Kano da Yamai da Damagaram, inda ake yanka filoti kafin a yi hanya, suna fuskantar tambaya iri ɗaya: idan babbar hanya ɗaya ta toshe, ta ina mutanen bayan gari za su bi?