Zaure a Ginin Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Zariya, ko ya bi ta Kudan da Makarfi zuwa Ikara, zai lura cewa abin da gidan gargajiya yake nuna wa baƙo shi ne zaure. Katanga ta ɓoye sauran. A Ingila, masu manyan gidajen gona sukan gina ɗan ɗaki a bakin ƙofa domin mai gadi. Zauren Bahaushe kuwa, mai gida ne da kansa yake zama a ciki. A nan yake karɓar gaisuwa, a nan malami yake ba da karatu, hakimi kuma ya saurari talakawansa. Baligin da ba muharrami ba, iyakarsa ke nan. Shi ya sa magina sukan kautar da ƙofar ciki daga saitin ta waje, don kada idon mai wucewa ya kai ga iyali.

Da yake zaure wurin taro ne, babbar matsalar magini ita ce faɗi. Da tubali ana iya ta da bango mai kauri da tsawo, amma rufin soro a kan azara yake zama. Azara kuwa, wadda ake tsagowa daga giginya domin gara ba ta cin ta da sauƙi, ba ta jure nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6. Talaka sai ya yi zaurensa zagayayye ya ɗora masa jinka. Mai ɗan hali ya kafa ginshiƙi a tsaka. Gwanaye kuwa suka warware matsalar da bakan gizo, watau a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta da igiya, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta tana karkata ciki, har ƙafafun nan biyu su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna an sami ɗaurin guga ke nan, a kansa ake ɗora tulluwa, a tsakiya kuma akan manna tasa ko faranti don ado. Baƙon da ya ɗaga kai ya ƙirga ƙafafun baka ya san matsayin mai gida tun kafin a yi masa iso.

Zazzagawa sun daɗe da yin suna a wannan sana'a. A 1824 Baturen nan Clapperton ya tarar ana gina wani masallaci a Sakkwato, kuma shugaban maginan ya shaida masa cewa shi mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya zauna a Masar ya koyo wani abu na gini a can. Amma sunan da ya shafe saura shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846), har da zaurukan shiga harabarsa da ɗakin shari'a. A ganina, wanda yake son ya fahimci zauren kowane hakimi a ƙasar nan, to ya fara da bakunan wannan masallaci, domin dabarar ɗaya ce, girma ne ya bambanta. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai sunan Babban Gwani.

Ta waje, zankaye ne a kusurwoyi, indararo yana zubar da ruwa nesa da bango, makuba da ake samu daga ɗorawa tana kare shi daga damina. Zanen fuskar zaure ya fi bunƙasa a ƙarni na 20, lokacin da attajirai suka riƙa sa a zana musu dagi da takobi, har ma da keke da mota. Friedrich Schwerdtfeger ya yi dogon nazari a kan wannan a Zariya.

Sai dai ginin ƙasa kamar dabba yake, yana son kiwo. Idan aka tsallake yaɓe shekara biyu ko uku, ruwa ya sami azara, baka ya sunkuya. Masallacin Babban Gwani kansa, a shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na cikinsa da sabon gini na siminti. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, ya auna shi, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Zaurukan ƙauye ba su sami wannan gata ba. Mai gida yakan ɗora kwano a kan tulluwa, ya sare zankaye don rufin ya zauna. Magajinsa kuma, in ya sami kuɗi, ya rushe duka ya sa bulo da ƙofar ƙarfe, ya koma karɓar baƙi a falo.