Kushewar Ƙauye da Sanin Asalin Gida

Tun zamanin kakanni ba kowane mamaci ake kaiwa babbar maƙabarta ba a ƙauyukan ƙasar Hausa. Gidaje da yawa suna da 'yar kushewarsu a bayan danga, ko a gefen gona, ko ƙarƙashin wata tsamiya da magabata suka zaɓa. A nan ake binne maigida kusa da mahaifinsa, har ya zama wanda ya san jerin kaburburan ya san salsalar gidan.

Sai dai kaburburanmu ba su ɗauke da suna. Littafin Risala ya karhanta gini a kan kabari, Muhtasar na Shaihu Halilu kuwa ya yarda a aza dutse ko itace domin shaida, muddin ba a zana kome a jikinsa ba. A kan haka mutanenmu suka tafi: a rufe ramin da itatuwa ko fasassun tukwane, a yaɓe da laka, a tara ƙasa. Damina kaɗan ta isa ta baje tudun. Daga nan ba mai iya cewa ga makwancin wane sai dattijan gidan, kuma sau da yawa tsofaffin mata sun fi maza riƙewa, musamman ta wajen dangin uwa.

Mu dubi gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi. An haife shi a Maratta a 1754, ya tashi a Ɗegel, kuma a nan Ɗegel kabarin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo yake, na mahaifiyarsa Hauwa'u kuwa yana Marnona. Duk biyun ƙauyuka ne. Da jama'a ta yi hijira zuwa Gudu a 1804, sai aka bar Ɗegel da kaburburanta a baya. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, ƙanensa Abdullahi yana kwance a Gwandu tun 1829, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno tun 1837, Nana Asma'u kuma kusa da mahaifinta tun 1864. Watau daga kakanni zuwa jikoki kawai, gida ɗaya ya rarrabu a wurare biyar.

To, me ya hana wannan asali ɓacewa? Alƙalami ne. Malam Abdullahi ya rubuta danginsu da malamansu a cikin Ida'un Nusukhi, daga baya Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tattara labarin cikin Tarihin Fulani. Shi ya sa har yau ɗalibi yake iya jero Usmanu ɗan Muhammadu ɗan Usmanu ɗan Salihu ɗan Haruna, ya ci gaba har zuwa Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni.

Gidan manomi da na maƙeri da na masaƙi ba su sami mai rubuta musu ba, alhali kuwa su ma sun sha tashi. Yunwar 1914 ta watsa ƙauyuka, haka ma farin 1973. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Bakolori a 1978 sun tayar da mutane daga mazauninsu na gado. Garin da ya zama kufai, garma ce ke bin kansa, wanda kuwa ruwa ya ci ba a ko maganarsa.

A ganina ba ƙaramin sakaci ba ne a ce gida yana da mai iya ajami ko boko, amma ba a zauna da tsofaffi an rubuta sunan kowane mamaci da inda yake kwance ba. Ranar rabon gonar gado alƙali ba zai karɓi “mun ji an ce” ba, sai ya nemi wanda zai faɗi wa ya haifi wa, kuma wa ya riga wani rasuwa.