Hutun Pâques: daga ina sunan ya fito, kuma me ya kawo ƙwai da rago a ciki?

A shekarata ta uku da fara koyarwa ina riƙe da ajin CM1 a wata makarantar firamare a Maraɗi. Ana saura kwana biyu a tafi hutu, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, me ake nufi da Pâques?" Kalmar tana rubuce a allo, ni da kaina na rubuta ta. Ban tsaya tunani ba na ce masa sallar ƙwai ce ta Turawa. Aji ya fashe da dariya, ban da yarinya guda, ɗiyar wani tela Kirista da ke unguwarmu.

Washegari da la'asar uban ya tsai da ni a bakin shagonsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, jiya ɗiyarka ta komo gida ranta a ɓace. Da wani malami zai tsaya gaban aji ya ce Layya sallar suya ce, yaya za ka ji?" Ban sami abin cewa ba sai haƙuri da na ba shi. Tun daga ranar na shiga neman sanin abin da nake rubutawa a allo kowace shekara ba tare da na san ma'anarsa ba. Musulmi da Kirista sun saɓa a kan ƙarshen rayuwar Annabi Isa a duniya, kowa ya san haka. Abin da zan kawo a nan shi ne abin da su Kiristocin suka yi imani da shi, da yadda ya bar sawu a sunayen ranaku da cikin tukunya.

Kalmar Pâques ta girmi Faransa nesa ba kusa ba. Asalinta Pesah ce ta Ibrananci, sunan idin da Yahudawa ke yi don tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar a ƙarƙashin Annabi Musa. A cikin Attaura an ba da labarin cewa a daren fitar kowane gida ya yanka ɗan rago, aka shafa jinin a dogaran ƙofa don halaka ta tsallake gidan, aka ci naman da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Shi ya sa masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka kira shi Idin Ƙetarewa. Kalmar ta shiga Girkanci da Latinanci ta zama Pascha, Larabawa suka ce Fis'hu, Habashawa suka ce Fasika. A tsohon Faransanci Pasques ake rubutawa. Ƴar hular nan da muke tilasta wa yara su ɗora a kan harafin a, alama ce ta harafin s da ya faɗi. Faransawa suna kuma bambanta biyun a rubuce: la Pâque na Yahudawa, Pâques na Kirista.

Kiristoci sun gaji sunan ne saboda Linjila ta ce a kwanakin wannan idi aka kama Yesu a Urushalima. A imaninsu an gicciye shi ranar Juma'a, ya tashi daga matattu ranar Lahadi. Wannan tashin shi ne tushen addininsu, don haka Pâques ta fi Kirsimeti girma a wurinsu, ko da yake Kirsimeti ta fi ta suna a kasuwa.

Idan ka tsallaka Jibiya ko Maigatari sai ka ji ana cewa Ista. Wannan daga Ingilishi ne, kuma tarihinsa daban. Wani malamin coci mai suna Bede, wanda ya rayu a arewacin Ingila ya rasu a 735, ya rubuta cewa kakanninsu suna da wani wata da ya yi daidai da Afrilu, mai ɗauke da sunan wata abar bauta Eostre, kuma sunan watan ne ya koma kan idin. Shi kaɗai ne tsohon marubucin da ya ambaci wannan abar bauta, shi ya sa masana ke jayayya a kan maganarsa har yau. Jamusawa ma Ostern suke cewa. Sauran yawancin Turai sun tsaya a kan sunan Ibrananci. Ka ga ke nan iyakar da Faransa da Ingila suka ja ita ta sa Bahaushen Maraɗi da na Katsina ke kiran idi guda da sunaye biyu.

Iyaye sukan tambaye ni me ya sa ranar ba ta tsayawa wuri guda. Dalilin ba baƙo ba ne gare mu, domin da lissafin wata a ciki. A ƙarnonin farko Kiristoci sun rabu: wasu na bin ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa ko wace rana ta kama, wasu na jiran Lahadi. A shekarar 325 shugabannin coci suka taru a Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau, suka amince a riƙa yin idin rana guda ko'ina. Ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce Lahadin farko bayan cikar watan da ta zo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Da jadawalin lissafi suke gane cikar watan, ba da ganin ido ba. Saboda haka idin ba ya zuwa kafin 22 ga Maris, ba ya kuma wuce 25 ga Afrilu. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda, cocin Gabas ba su bi shi ba a wannan lissafi. Shi ya sa Kibɗawan Masar da Habashawa da Girkawa sukan yi nasu idin daga baya, sai jefi-jefi ranar ta haɗu, kamar 20 ga Afrilu 2025.

Kafin idin akwai azumi. Faransawa na kiransa Carême, daga Latinanci quadragesima, wato na arba'in, don tunawa da kwana 40 da Linjila ta ce Yesu ya yi yana azumi a jeji. Daga Larabar da ake farawa zuwa jajibirin idi kwana 46 ne, idan ka cire Lahadi shida da ba a ƙirgawa saura 40. Abin dariya, mu ƴan boko na nan ƙasar mun ari kalmar muna cewa "carême" idan muna nufin Ramadan, ba tare da mun san lamba ce ba. Ingilishi kuma Lent suke cewa, tsohuwar kalmarsu ta lokacin da yini ke ƙara tsawo bayan hunturu.

Daga wannan azumi yawancin al'adun abincin suka fito. A Turai ta zamanin da, ba a kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana irin namu. Abinci sau guda ake ci a yini, kuma an hana nama, a wurare da yawa har da ƙwai da madara da man shanu. Uwargida da ke da kitse da ƙwai a ɗaki dole ta ƙarar da su kafin Laraba. Ranar Talatar sai a yi ta suyar fanke da makamantansa, aka sa mata suna Mardi gras, Talatar maiƙo. Kalmar carnaval ma daga Italiyanci take, ma'anarta kawar da nama. Washegari ita ce Larabar Toka, ranar da ake shafa wa masu ibada toka a goshi don su tuna cewa daga ƙasa suke kuma ƙasa za su koma. Tokar ta ganyayen da aka yi bikin Lahadin ganyen dabino da su bara ce, aka ƙone.

Makon ƙarshe kowace rana da sunanta. Lahadin ganyen dabino na tuna shigar Yesu Urushalima jama'a na tarbarsa da rassa. Inda dabino ba ya fitowa, kamar arewacin Faransa, da rassan wani icce mai suna buis suke yi. Alhamis ranar jibin ƙarshe ce da almajiransa, inda ya wanke musu ƙafafu. Juma'ar kuwa kowace al'umma da inda ta kalle ta: Faransawa sun ce mai tsarki, Jamusawa sun ce ta makoki, Larabawa Kirista sun ce mai girma, Ingilishi sun ce Good Friday, da tsohuwar ma'anar kalmar da ke nufin tsarki. A ranar ba a cin nama, kifi ke maye gurbinsa. A 1966 Fafaroma Paul na 6 ya sassauta dokokin, yanzu abin da ya rage wa ɗan Katolika shi ne azumi ranar Larabar Toka da wannan Juma'a, da barin nama kowace Juma'a ta Carême.

To, ƙwan fa da na kunyata kaina a kansa? Kaji ba su san ana azumi ba. A Turai suna ƙara saka ƙwai ne daidai lokacin da yini ke tsawo, ga shi kuma an hana ci. Sai a tara, a dafa don kada ya lalace, ranar idi a kai coci a sa albarka a raba. Daga baya aka ba shi fassarar addini: ɓawon kamar kabari ne a rufe, rai na fitowa daga ciki. Girkawa na rina shi ja don tuna jinin Yesu. Ƙwan cakulan kuwa ɗan jiya ne, a ƙarni na 19 aka fara shi, kamfanin Cadbury na Ingila ya fito da nasa a 1875. Ƙararrawar da muke gani a zanen littattafan Faransanci ita ma da dalilinta. Daga daren Alhamis zuwa daren Asabar ba a kaɗa ƙararrawar coci saboda juyayi, sai iyaye su ce wa yara ta tafi Roma, za ta komo da ƙwai. Zomo kuma tatsuniyar Jamusawa ce, babu shi a Linjila.

Rago ya fi ƙwai tushe. Daga ragon Idin Ƙetarewa ya taho, kuma Kiristoci na kiran Yesu Ɗan Rago na Allah, domin a imaninsu shi ne hadayar da ta ɗauke zunubi. Shi ya sa Faransawa ke gasa cinyar rago ranar Lahadin, a Alsace har cincin mai siffar rago ake toyawa. Habashawa, bayan azumin kwana 55 ba nama ba madara, da miyar kaza mai yaji suke buɗe baki.

Akwai wani abu da ya kamata mu riƙa faɗa wa yara. Idan littafi ya ce idin na "printemps" ne muka fassara da bazara, mun rikita su. Can lokaci ne na fitowar ganye bayan ƙanƙara, tumaki na haihuwa. Nan kuwa Afrilu zafi ne da ke wuce digiri 40, rijiyoyi na ja da baya. Don haka Kiristocin Afirka ta Yamma suka riƙe ma'anar, suka dafa abin da ke gonarsu. A Legas akwai frejon, wake da madarar kwakwa, wanda bayin da suka komo daga Brazil suka zo da shi. A Senegal ƴan Katolika na dama ngalakh ranar Juma'ar, da gero da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin ƴaƴan kuka, su rarraba wa maƙwabta Musulmi, su kuma su rama da naman Layya.

A Nijar Litinin ɗin bayan idin ranar hutu ce ga ma'aikata, saboda haka tambayar yaron nan ba za ta daina zuwa ba. Shekarar da ta biyo, ana saura kwana biyu hutu, na rubuta kalmar a allo, na ja layi ƙarƙashin ƴar hular, na ba da labarin daga Masar har zuwa Nikiya cikin minti goma. Yarinyar ta riga ta wuce CM2, ƙanenta ne ke ajin. Da yamma na bi ta gaban shagon, telan ya ɗago kai daga kekensa ya ce, "Mushe, saƙo ya iso."