Yadda Muke Koyar da Ingilishi a Magariya, Jiya da Yau

A dā a Nijar yaro ba ya fara Ingilishi sai ya shiga kolej, bayan ya sha Faransanci shekara shida a firamare. Tun 1962 ƴan sa-kai na Peace Corps suka fara zuwa daga Amurka suna koyar da shi, kuma wasu daga cikin malamanmu a hannunsu suka yi karatu. A 2011 matsalar tsaro ta sa suka tattara suka bar ƙasar.

Salon da muka gada shi ne na jeri: Ingilishi a hagun allo, Faransanci a dama, yara su kwafe su haddace. Littafin English for the Sahel ya shigo da sunaye da labaran gida, amma jerin nan bai bar allo ba. Yaro zai haddace cewa well na nufin lafiya lau, ranar jarrabawar BEPC ya tarar da mata suna jan ruwa a well, ya yi tsuru-tsuru, alhali rijiya ake nufi. Haka fast take, ga sauri ga azumi. Date kuwa kwanan wata ce, kuma dabino ce.

Mu na bakin iyaka ne muka fara farga. Yaron Dungas da ke raka babansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san change iri biyu: na ɗan canji mai juya naira zuwa sefa, da ragowar kuɗin da mai shago ke miƙo masa. Ba wanda ya jera masa su a allo, a bakin ciniki ya tsince su.

Ganin haka wasunmu suka daina ba da kalma tsirara, sai cikin jimla. Muka kuma jawo Hausa, wadda a dā ake hukunta yaro in ya yi ta a aji. Mukan ce su lissafo abin da ake ci: tuwo, kasuwa, bashi, amana, jarrabawa. Kafin su gama dariya sun gane cewa kowane harshe haka yake.

Tun 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Sabbin malamai, nauyi ya ƙaru a kanku. Kada ku bar yaro ya tashi da ma'ana ɗaya tak a ka.