Sulhu Bayan Saki: Abin da Zaure ke Iyawa da Inda Yake Gazawa

A ƙasar Hausa, da an ce sulhu a maganar aure, abin da ke zuwa zuciya shi ne biko: mace ta yi yaji, manya su zauna, a ba ta haƙuri ta koma ɗakinta. Akwai wani sulhun da ba a cika kula da shi ba, wato na rabuwa, inda aure ya riga ya mutu, saura a daidaita kan abin da ya bari.

Tushen sasanci tsakanin ma'aurata yana cikin aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni a ɗauko mai sasantawa daga dangin miji da wani daga dangin mata. Malaman Hanafiyya sun ɗauki waɗannan biyun a matsayin wakilai, ba su raba aure sai da yardar miji. Malikiyya kuwa, mazhabar da kotunanmu ke bi, ta ba su matsayin masu hukunci: in sun ga zaman ba zai yiwu ba, suna da ikon rabawa. Ke nan fiƙihu bai taƙaita aikinsu ga mayar da mace ba.

Amfanin zaure a fili yake. Ba kuɗin lauya, ba ɗage zama, kuma asirin gida ba ya tonuwa a gaban 'yan kallo. Shi ya sa ofisoshin Hisbah ta Kano, wadda aka kafa hukumarta da doka a 2003, ba sa rabuwa da irin waɗannan koke-koke.

Amma a dubi zaman da kyau. Liman da mai unguwa suna kan tabarma, waliyyi na gefe, matar tana bayan ƙofa da goyo, kanta a sunkuye. Aka zo maganar yara, wani dattijo ya ce, "Ai ɗa na ubansa ne, in an yaye shi a kawo." Kowa ya yi shiru, alhali a Malikiyya riƙon yaro na uwa ne har ya balaga, yarinya kuwa har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba, in ta yi, kakar wajen uwa ce a gaba, ciyarwa kuma na kan uba. Haka haƙƙin zama a ɗaki lokacin idda yake salwanta, don da takardar saki ta fito, a ranar ake kwashe kaya. A hul'i ma, inda mace ke mayar da sadaki don a sake ta, wasu mazan kan haɗa har da kuɗin lefe da na zance. Kunya ce ke hana mace jayayya da manya, sai a ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Alkawarin baki kuma ba shi da mai tilastawa. Bayan wata biyu sai kuɗin abinci ya tsaya.

Sulhun rabuwa na da inganci ne idan akwai masanin fiƙihu a zaman, aka ji ta bakin matar ita kaɗai tukuna, aka rubuta abin da aka cimma da shaidu, sannan aka kai wa alƙali ya tabbatar da shi.